Tambaya da Amsa: Ya Dace In Rabu da Intanet na Layin Tarho?

Tambaya: Assalamu alaikum. Har yanzu intanet ɗin gidana irin na da ne, wanda modem ke buga lamba ta layin tarho yana ƙugi kafin ya haɗu. Ni dai imel kawai nake dubawa, amma yara sun matsa mini in koma mai sauri. Wanne zan ɗauka? — Wani magidanci

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A wannan karon yaran ne da gaskiya. Ƙarshen gudun modem ɗinka kilobit 56 ne a daƙiƙa, shi ma ba kasafai yake kaiwa ba. Hoto mai nauyin megabait 5 zai ci maka kusan minti 12, alhali a layin megabit 10 daƙiƙa 4 ce. Ga shi muddin kana kai, mai kiranka ba zai same ka ba. Ko kamfanin AOL na Amurka, wanda ya yi suna da wannan hanya, ya rufe ta a Satumbar 2025.

Idan wayar fayiba, wato ta zaren gilashi mai ɗaukar bayanai da haske, ta iso ƙofarka, kada ka tsaya shawara. In babu, akwai ADSL, wanda zai hau wayar tarhon da kake da ita. A cikin wayar, murya na bi ta ƙananan zangon sigina, bayanai na bi ta na sama, shi ya sa za ka yi waya kana kan intanet. Amma sai ka sa 'yar matata, wato 'yar na'urar da ke raba murya da bayanai, a kan kowane tarhon da ke gidan. Ka manta ɗaya, za ka riƙa jin shuu a kunne, haɗin kuma ya yi ta yankewa. Matsalar ADSL nisa: nau'insa mai suna ADSL2+ kan kai megabit 24 kusa da cibiyar kamfani, amma da an doshi kilomita 5 abin da ya rage kaɗan ne. Ka sa su auna layinka kafin ka sa hannu.

Intanet na kebul ɗin talabijin kuma yana da gudu, sai dai da maƙwabta ake rabawa, don haka yakan ja ƙafa da daddare.

Tambaya: Na biya kuɗin megabit 20, amma in ina sauke abu 2.5 nake gani. Cuta ta ake yi? — Wata mai karatu

Amsa: Malama, ba a cuce ki ba. Kamfani da bit yake lissafi, kwamfutarki kuma da bait, kuma bit 8 ne bait ɗaya. Raba 20 gida 8, 2.5 ke nan cif. Ranar da kika ga ya faɗi ƙasa da haka sosai, ki jona kwamfutar da rauta (na'urar da ke rarraba intanet a gida) ta waya ki sake aunawa. In gudun ya dawo, laifin Wi-Fi ne: ki fito da rautar daga bayan talabijin, ki ɗora ta sama a tsakiyar gida. A Wi-Fi, zangon 5 GHz ya fi sauri, amma na 2.4 GHz ya fi shi ratsa bango.