Me Ya Sa Mata Suka Cika Filin Wasa Amma Suka Yi Ƙaranci a Ofishin Daraktan Wasannin Jami'a?

Tambaya: Malam, ina bibiyar wasannin jami'o'in Amurka, musamman ƙwallon kwando na mata, kuma na lura 'yan wasa mata suna da yawa ƙwarai. Sai dai duk lokacin da aka nuna daraktan wasanni na wata babbar jami'a, namiji nake gani. Shin mata ba su taɓa riƙe wannan shugabanci ba ne, ko kuwa akwai abin da ya hana su?

Amsa: Malama, abin da kika lura da shi gaskiya ne. A jami'o'in da ke ƙarƙashin hukumar NCAA, wadda ke kula da mafi yawan wasannin jami'o'in Amurka, mata sun haura kashi 40 cikin ɗari na 'yan wasa, amma a kujerar daraktan wasanni ba su wuce kusan ɗaya cikin huɗu ba, kuma a rukuni na ɗaya, inda manyan jami'o'i da manyan kuɗi suke, ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Sai dai ba daidai ba ne a ce ba su taɓa riƙe shugabancin ba. Sun riƙe shi, kuma sun rasa shi ne a daidai lokacin da wasannin mata suka fara samun kuɗi da daraja.

Kafin shekarar 1972, yawancin jami'o'i suna da sashen wasannin maza daban, na mata daban. Na matan ba shi da kuɗin kirki, malaman motsa jiki mata ne suke tafiyar da shi, sau da yawa ba tare da ƙarin albashi ba, amma dai a hannunsu yake. Dogon binciken da Vivian Acosta da Linda Jean Carpenter suka yi ta gudanarwa daga 1977 zuwa 2014 ya nuna cewa a 1972 sama da kashi 90 cikin ɗari na ƙungiyoyin mata mace ce ke horar da su, kuma haka lamarin yake a shugabancin sassan. Matan suna ma da hukumarsu ta ƙasa, AIAW, wadda aka kafa a 1971, ta riƙa shirya gasanninta, ta kuma tara jami'o'i kusan dubu ɗaya a lokacin da take tashe.

A watan Yuni na 1972 shugaba Richard Nixon ya sanya hannu a kan dokar da aka fi sani da Title IX, wadda ta haramta nuna bambancin jinsi a duk wata makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Ga 'yan wasa mata wannan doka alheri ce babba, domin ita ce ta kawo musu guraben karatu kyauta, da kayan aiki, da kuɗin tafiye-tafiye. Amma dokar ba ta ce komai ba game da wanda zai shugabanci sashen. Da jami'o'i suka ga dole ne su kashe kuɗi a kan wasannin mata, sai suka fara haɗe sassan biyu su zama ɗaya, kuma kusan ko'ina daraktan sashen maza ne ya zama shugaban sabon sashen, ita kuwa shugabar sashen mata ta koma mataimakiya ko ta koma aji. Aikin horar da ƙungiyoyin mata shi ma da ya fara zuwa da albashi mai kyau sai maza suka nemi shi, kuma daraktoci maza suka ɗauki waɗanda suka sani. Zuwa 2014 matan da ke horar da ƙungiyoyin mata sun ragu zuwa kusan kashi 43 cikin ɗari.

Irin haka ya faru a matakin ƙasa. NCAA, wadda da farko ta yi adawa da aiwatar da dokar a kan wasanni, ta juya ta fara shirya gasannin mata daga kakar 1981 zuwa 1982, tana kuma biyan kuɗin tafiyar ƙungiyoyi, abin da AIAW ba ta da ƙarfin yi. Jami'o'i suka kwarara zuwa can, AIAW ta dakatar da ayyukanta a 1982, ta kai ƙara kotu kuma ba ta yi nasara ba. Mata irin su Christine Grant ta Jami'ar Iowa da Donna Lopiano ta Jami'ar Texas, waɗanda dukansu sun shugabanci AIAW, sun yi gargaɗi tun a lokacin cewa mata za su rasa ikon yanke hukunci a kan wasanninsu, kuma a ganina tarihi ya gaskata su.

Domin rage wannan giɓi, NCAA ta ƙirƙiro wani matsayi a 1981, wanda daga baya aka sa masa suna babbar ma'aikaciya mace (Senior Woman Administrator), wato macen da ta fi kowace mace girman muƙami a sashen wasanni. Manufar ita ce a tabbatar akwai mace a teburin da ake yanke hukunci. A wasu jami'o'in hakan ya yi amfani, a wasu kuwa suna ne kawai, domin matsayin bai zo da ikon sarrafa kasafin kuɗi ba.

A nan ne ainihin matsalar take a yau. Daraktan wasanni na babbar jami'a aikinsa ya fi kama da na shugaban kamfani: yana neman gudummawa daga attajiran tsofaffin ɗalibai, yana kula da kwangilolin talabijin da na tallace-tallace, yana gina filaye, kuma sama da komai yana ɗauka ko sallamar kocin ƙwallon ƙafa irin na Amurka, wasan da ya fi kowanne kawo kuɗi kuma mata ba sa buga shi a wannan mataki. Idan kwamitin ɗaukar ma'aikata ya zauna, abin da yake fara tambaya shi ne ko mai neman aikin ya taɓa kula da wannan wasa, ko ya taɓa tara miliyoyin daloli. Su kuwa mata, tun suna ƙananan ma'aikata ake tura su ɓangaren bin ƙa'idojin hukuma, da kula da karatun 'yan wasa, da jin daɗin ɗalibai. Ayyuka ne masu nauyi da sashen ba zai tsaya ba sai da su, amma ba su ne ke kai mutum kujerar sama ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ga kuma yanayin aikin kansa, wanda ke cinye dare da ƙarshen mako, ya kuma buƙaci ƙaura daga jiha zuwa jiha, nauyin da ya fi faɗawa kan mace mai iyali.

Duk da haka akwai waɗanda suka keta. Judith Sweet ta zama daraktar haɗaɗɗen sashen wasanni a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego a 1975, sannan a 1991 ta zama mace ta farko da ta shugabanci NCAA. A wannan shekarar Barbara Hedges ta karɓi ragamar wasannin Jami'ar Washington, Debbie Yow kuma ta jagoranci na Maryland daga 1994 zuwa 2010. Carla Williams ta zama baƙar fata mace ta farko da ta riƙe wannan kujera a manyan rukunonin gasa lokacin da Jami'ar Virginia ta naɗa ta a 2017, Candice Storey Lee ta biyo baya a Vanderbilt a 2020, sai Nina King a Duke a 2021. Yawancin waɗannan mata sun kula da ƙwallon ƙafa irin na Amurka, sun tara kuɗi, sun ɗauki kociyoyi, don haka hujjar cewa mace ba za ta iya ba ta riga ta faɗi.

Kada kuma a ɗauka maganar ta tsaya a kan wa ya samu muƙami. A gasar ƙwallon kwando ta 2021 an ga hotunan wurin motsa jikin da aka tanadar wa mata a San Antonio, 'yan ƙarafa kaɗan, alhali na maza cike yake da kaya, kuma binciken da NCAA ta sa lauyoyi suka yi ya gano cewa tsarin hukumar ya karkata ne ga gasar maza. Shekara uku bayan haka, wasan ƙarshe na mata tsakanin South Carolina da Iowa ya samu masu kallo sama da miliyan 18, fiye da na maza. Kasuwar tana nan tun da daɗewa, waɗanda ke rabon kuɗi ne ba su kula da ita ba.

Idan kina son gane ko wata jami'a da gaske take, Malama, kada ki tsaya ga yawan matan da ke cikin jerin ma'aikatanta. Ki duba ko akwai mace da ke kula da ƙwallon ƙafa ko ƙwallon kwando na maza, ko akwai wadda ke jagorantar neman gudummawa, da kuma wanda ke sa hannu a kan kasafin kuɗi. Wannan ya ƙara muhimmanci tun daga 2025, lokacin da aka ba manyan jami'o'i damar raba kusan dala miliyan 20.5 a shekara kai tsaye ga 'yan wasansu, domin ofishin darakta ne ke yanke nawa zai tafi ga ƙwallon ƙafa, nawa kuma zai rage wa ƙungiyoyin mata.