Amsa: Kuskuren yara a darasin mulkin mallaka

Kin tambaya ko ya dace ki tsawata wa yaran da ke ba aji dariya da fahimtarsu a darasin tarihin mulkin mallaka. A ganina bai dace ba, domin galibi kalma ɗaya ce take ruɗa su.

Na taɓa rubuta wa 'yan aji huɗu a allo cewa Turawan Ingila sun ci garin Kano a 1903, sai wani yaro ya ɗaga hannu, fuskarsa ba alamar wasa, ya tambaya ko da sukari suka jiƙa shi. Sharaɗin dai shi ne ki bari dariyar ta lafa, sannan ki bayyana musu ma'anar cin gari da yaƙi kafin ki wuce gaba.