Hukuncin ziyartar wuraren da ake cewa akwai aljanu a cikinsu

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a nan Katsina. Ni da abokaina mun shirya idan an yi hutu mu zagaya tsofaffin wurare, mu hau Gobarau, mu je rijiyar Kusugu a Daura, mu ƙare da Durɓi ta Kusheyi. Wasunmu na so mu kai dare a Durɓi, don an ce ana jin motsi da muryoyi a gindin kukokin wurin, mu ɗauka a waya mu sa a TikTok. Wani ma cewa ya yi fatalwar sarakunan da ce ke yawo. Mahaifiyata ba ta son tafiyar. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, tafiyar taku ta haɗa abu biyu, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Zuwa ganin wuraren halal ne. Asalin tafiya a bayan ƙasa halacci ne, har ma Alƙur'ani ya yi umarni da ita don ɗaukar izina, kamar a aya ta 42 ta Suratur Rum, inda aka ce a yi tafiya a dubi yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Gobarau kuwa hasumiyar masallaci ce, ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ban ga abin tsoro a wurin da aka yi ta kiran salla ba. Kusugu rijiya ce. Labarin macijin da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ran Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi, tarihin baka ne, a saurare shi a matsayinsa. Ka jefa guga ka sha idan kana jin ƙishi, ruwa ne mai tsarki kamar na kowace rijiya. Abin da ba mu da dalili a kansa shi ne cika gora a kai gida da imanin cewa yana da wata albarka ta daban. Zamzam nassi ne ya ba shi wannan matsayi, Kusugu ba ta da nassi.

Durɓi ta Kusheyi ta fi buƙatar bayani, don maƙabarta ce, sunan ma ya faɗa. Tuddan nan da ke ƙasar Mani kaburbura ne da ake dangantawa da sarakunan Durɓawa, kuma masu binciken tarihi sun tona wasunsu a 1907 da 1992. Wasu malamai kan hana zuwa irin wannan wuri da hadisin Hijr, wato garin Samudawa. A hanyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya bi ta gidajen Samudawa ya ce kada a shiga wurin waɗannan da aka yi wa azaba sai ana kuka, ya sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyinsu, ƙullin da aka kwaɓa da shi aka ba raƙuma. Hadisin ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Amma a fahimtata hukuncin na mutanen da wahayi ya tabbatar an halaka su ne, mu kuwa ba mu da wahayi a kan mutanen Durɓi. Abin da za mu ɗauka daga hadisin shi ne ladabi: kabari ba wurin shewa da ƙyalƙyala dariya ba ne, ba a hawa kansa a zauna don hoto ya yi kyau, ba a kuma tonon ƙasa a tsinci wani abu a sa aljihu.

Maganar fatalwa ka cire ta daga ranka gaba ɗaya. Wanda ya mutu ba ya dawowa yawo. A Suratul Mu'uminun, aya ta 99 da ta 100, mamaci na roƙon a mai da shi duniya, aka ce a'a, akwai shamaki a bayansu har ranar tashi. Larabawan jahiliyya ma sun yi irin wannan camfi, suna cewa ran wanda aka kashe yakan zama mujiya ya riƙa kuka a kan kabarinsa, Annabi (SAW) ya rushe shi da cewa "babu hama".

Aljanu kam gaskiya ne, wanda ya ƙaryata samuwarsu ya ƙaryata Alƙur'ani. Sai dai aya ta 27 ta Suratul A'araf ta ce suna ganinmu ta inda ba ma ganinsu. To wa ya leƙa ya tabbatar cewa wannan kukar ce gidansu ba waccan ba? A ƙasar Hausa da wuya ka sami tsohuwar kuka ko tsamiya da ba a laƙaba mata masu gida ba, yawanci kuma gadon bori ne. Tsohuwar kuka kogo gare ta, jemagu da mujiya na kwana ciki, iska na shiga tana fita. Mai jin tsoro da tsakar dare, ko akuya ce ta yi atishawa zai rantse sallama aka yi masa.

Nan ne shirin naku na dare ya faɗi. Idan babu komai a wurin, kun ɓata dare, kuma na san yadda ake yi, sai wani ya ɓuya bayan itace ya yi gurnani don bidiyon ya samu masu kallo. Wannan ƙarya ce, ga kuma tsoratar da Musulmi, wanda hadisin Abu Dawuda ya ce bai halatta ba. Idan kuma akwai, kun kai kanku inda ba a aike ku ba. Sunna ta ce a tsare yara a gida idan duhu ya fara shiga saboda shaiɗanu na bazuwa, ba ta ce a bi su da fitilar waya ba. Balle macizai, da halin da hanyoyin ƙauyukanmu ke ciki da dare, wanda ba sai na faɗa wa Bakatsine ba.

Mafi hatsari shi ne abin da tsoro kan sa mutum ya yi. Za ka sami mai cewa a nemi izinin masu wurin kafin a shiga, ko a ajiye goro da turare a gindin itace, ko a yanka baƙar kaza. Suratul Jinn aya ta 6 ta ba da labarin mazajen da ke neman tsarin aljanu idan sun sauka a kwari, ba abin da suka ƙara musu sai wahala. Yanka kuwa, Annabi (SAW) ya la'anci wanda ya yi shi don wanin Allah. Wannan ya wuce saɓo, ya taɓa tauhidi. Abin da aka koya mana idan mun sauka a baƙon wuri yana cikin hadisin Khaula bint Hakim a Muslim: "A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ." Wanda ya faɗe shi, ba abin da zai cuce shi har ya bar wurin.

Ku je da rana, ku nemi masu kula da wurin su zagaya da ku, ku kamo hanya kafin magariba. Sai dai kai, tafiyar mubahi ce, biyayya ga mahaifiya kuwa wajibi. Ka zauna ka yi mata bayanin cewa da rana za a je, ka faɗa mata su wa da wa za ku tafi. In ta amince ka je, in ta dage ka haƙura, abokanka su nuna maka hotuna.

Wallahu a'alam.