Amsa: Ina ya dace a kafa sola a ƙauyenmu?

Malam, ka tambaya ko ku ba kamfanin sola fili a fadama don kafa wutar ƙauyenku a ƙasar Argungu. A'a, kada ku bayar. Ku nemi tudu ko faƙo da ba a nomawa, kusa da gari. Tashar sola mai ƙarfin kilowat 100 ba ta cin rabin kadada.

A Agusta da Satumba gulbi kan cika ya malale fadama, ruwa kuwa in ya taɓa batura da inbata (na'urar da ke juya wutar batura zuwa irin wutar gida) sun lalace, ga gonar shinkafar mutane an riga an raba su da ita. Farantan sola su fuskanci kudu, a karkace kamar digiri 12 zuwa 15. Kada shingen ya tare burtali, nan rigima da makiyaya ke farawa. Yarjejeniyar filin kuma a rubuta ta gaban hakimi.