Zan janye ƙarar wanda ya ci mini kuɗin rodi: shin kotu za ta yarda, kuma ina makomar sauran kuɗina?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan gini a kasuwar Dei-Dei da ke Abuja ya aiko da wannan tambaya: "Na ba wani dillali da muka daɗe tare rodi na naira miliyan 6.2 ya kai wa wani ɗan kwangila. Ya karɓi kuɗin gaba ɗaya, ya juya su a harkarsa. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, suka gurfanar da shi a kotun majistare kan cin amana, yanzu yana kan beli. Shugabannin layinmu da iyayensa sun sa baki, an ce zai ba ni miliyan 2 a hannu, sauran miliyan 4.2 kuma ya riƙa biyan N700,000 duk wata har wata shida, amma da sharaɗin in je in janye ƙara tun yanzu. Idan na janye, dole ne alƙali ya rufe shari'ar? Idan kuma ya daina biya, zan iya dawo da ita?"

Alhaji, Allah Ya mayar maka da dukiyarka. Sulhun da dattawa suka kawo abu ne mai kyau, kuma ba zan ce ka ƙi shi ba, domin ɗaurin wannan dillali ba zai mayar maka da ko sandar rodi ɗaya cikin shago ba. Abin da nake jin tsoro shi ne tsarin da aka jera abubuwan, wato a ce janyewa ta zo da fari, biyan kaso biyu cikin uku na kuɗin kuma ya biyo baya.

Mu fara da ikon kotu. Tun ranar da 'yan sanda suka shigar da rahoton farko a gaban majistare, shari'ar ta zama tsakanin hukuma da wanda ake tuhuma, kai kuma ka koma matsayin wanda aka cuta kuma babban shaida, shi ya sa idan ka duba takardar za ka ga sunan Kwamishinan 'Yan Sanda ne a gurbin mai ƙara. Laifin cin amana da aka tuhume shi da shi yana ƙarƙashin sashe na 311 da na 312 na Final Kod, wato dokar hukunta laifuka da ake aiki da ita a Abuja, kuma hukuncinsa yana iya kaiwa ɗaurin shekara bakwai. Saboda haka bakinka kaɗai ba ya kashe shari'ar. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda ke aiki a Abuja da kotunan tarayya, ta ce a sashe na 355 idan mai ƙorafi ya gamsar da kotu, kafin a yanke hukunci na ƙarshe, cewa akwai isassun dalilan da za a bar shi ya janye, kotu tana iya ba shi izini. Kalmar "tana iya" ita ce ta bar wa alƙali wuƙa da nama. A aikace, a rikicin kuɗi tsakanin mutum biyu irin naku, alƙalai ba su cika hana sulhu ba, amma za a tsayar da kai a tambaye ka ko da yardarka ka zo, ko an matsa maka, ko an biya ka, sannan a ji ta bakin ɗan sanda mai gabatar da ƙara. Da a ce fashi da makami ne ko kisan kai, da yafewarka ba ta isa ta dakatar da komai ba. Jihohi ma suna da irin wannan doka tasu, kamar Kaduna da ta yi tata a 2017 da Kano a 2019, sai dai lambobin sassan sukan bambanta.

Ƙarshen wancan sashe na 355 shi ne inda 'yan kasuwa da yawa suke faɗawa rami ba su sani ba. Ya ce idan kotu ta yarda da janyewar, to za ta wanke wanda ake tuhuma. A bakin mutanen kasuwa, "an sallame shi" da "an wanke shi" duk ɗaya ne, tunda ko ta wace hanya mutumin ya koma gida ya kwana, amma a wurin doka tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Wanda aka sallama kawai ana iya sake gurfanar da shi a kan wannan laifi. Wanda aka wanke kuwa sashe na 36(9) na Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi kariya daga sake fuskantar shari'a a kan laifin, sai dai da umarnin wata babbar kotu. Ma'ana, idan ka karɓi miliyan 2 ranar Litinin, ka janye ranar Talata, ya biya wata ɗaya ya daina ɗaukar wayarka, bakin alƙalami ya riga ya bushe a kan tuhumar cin amanar.

Akwai wasu ƙofofin da shari'a ke fita ta cikinsu, kuma sakamakonsu daban ne. Sashe na 108 na dokar 2015 ya ba mai gabatar da ƙara damar janye tuhuma: idan ya janye kafin a kira wanda ake tuhuma ya fara kare kansa, asali sallama ce, ko da yake alƙali yana da ikon mayar da ita wankewa idan ya ga ya dace, idan kuma bayan an kira shi ne, wankewa ce. Antoni Janar na Tarayya ma, bisa sashe na 174 na Tsarin Mulki, yana da ikon dakatar da shari'ar laifi a kowane mataki kafin hukunci, takwarorinsa na jihohi kuma suna da irin wannan iko a sashe na 211. Ba na tsammanin rikicin rodinka zai kai teburinsa. Na ambata ne domin lauyanka ya san ta wace ƙofa za a fita kafin ku shiga zauren kotu, kada sai an karanta umarni ku fara tambayar me aka rubuta.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne mai ƙorafi ya ɗauke ƙafa kawai, ya daina zuwa kotu, yana ganin ya cika alƙawarin da ya yi wa dattawa ba tare da ya furta komai ba. Wannan yana iya jawo a aiko maka da sammaci a matsayinka na shaida, ko a kori ƙarar saboda rashin bibiya, ka tashi babu shari'a babu takardar sulhu.

Shawarata ita ce a zama na gaba lauyanka ko mai gabatar da ƙara ya shaida wa kotu cewa ana tattaunawar sulhu, ya roƙi a ɗage zama domin a dawo da rahoto. Kotuna sun saba da wannan roƙo. Sai dai alƙali ba zai yi ta ɗage shari'ar laifi wata shida cur domin ya zame maka mai karɓar bashi ba, kuma doka tana tare da shi, domin sashe na 8(2) na dokar 2015 da sashe na 32(2) na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Taka ƙarar ta samu karɓuwa a kotu ne saboda an damƙa masa amana ya karkatar da ita. Don haka ka nemi a matse wa'adin: a ƙara abin da za a bayar a hannu ya haura rabi, sauran kuma a biya cikin wata biyu ko uku. Ka tuna kuma cewa N700,000 ɗin wata na shida ba lallai ne ta sayi rodin da za ta saya yau ba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Duk abin da ya rage kuma a ɗaure shi da takarda, ba da shaidar baki a ofishin shugaban layi ba. Yarjejeniyar ta ƙunshi amincewarsa a rubuce cewa ana binsa miliyan 4.2, da ranar kowane biya, da lambar asusun da za a tura, da sharaɗin cewa idan ya tsallake wata ɗaya dukkan sauran kuɗin sun zama wajibi nan take. Cikin iyayen da suka zo roƙo, a samu mutum ɗaya mai abin hannu ya sa hannu a matsayin wanda ya tsaya masa, wanda za a bi idan ya gaza. Nan ne za ka gane wanda ya yarda da yaron da gaske da wanda ya zo rakiya kawai. Idan akwai takardar fili ko mota da za a ajiye jingina, a rubuta ta a ciki. Cibiyar sulhu da ke ƙarƙashin Babbar Kotun Abuja tana karɓar irin wannan, kuma idan alƙali ya amince da yarjejeniyar ta zama hukuncin kotu, wanda za a iya zartarwa a kan dukiyarsa ba tare da an sake doguwar shari'a ba.

Ka kuma nemi ya rubuta maka cak na kowane wata. Dokar cak maras kuɗi ta 1977 ta tanadi ɗaurin shekara biyu ba tare da zaɓin tara ba ga wanda ya bayar da cak domin sauke wani nauyi na yarjejeniya, aka kai banki cikin wata uku daga ranar da ke jikinsa, ya dawo saboda babu isassun kuɗi. Wannan sabon laifi ne mai zaman kansa, wankewar da aka yi masa a kan rodi ba ta rufe shi ba.

Ko da komai ya lalace bayan ka janye, bashin bai mutu ba. Wankewa daga laifi ba ta goge haƙƙinka na shigar da ƙarar neman kuɗi, kuma a Abuja kana da shekara shida a kan bashin yarjejeniya. Amma wannan hanya ce ta kuɗin lauya da barin shago, kuma da takardar amincewarsa a hannunka ne take yin sauƙi.

Idan dattawa suka dawo, ka gaya musu ka karɓi sulhu hannu bibbiyu, za ka je kotu da kanka ka nemi a ɗaga zama, ranar da kuɗin suka cika ko aka sa hannu a yarjejeniyar gaban kotu tare da mai tsaya masa, a ranar za ka tashi ka janye.