Na tace bidiyo lafiya, amma menu na faifan DVD ya gagare ni

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da walima, kuma har yanzu akwai iyayen amare da ba sa yarda sai an miƙa musu faifan DVD a hannu. Tace bidiyo ba ya ba ni wuya, amma da na zo tsara menu sai raina ya ɓaci. Hasken da ke nuna maɓallin da aka zaɓa yana fitowa da gefe kaca-kaca, rubutu yana yankewa a talabijin, sunan amarya Ɗahara ya fito da ɗan akwati a madadin harafin farko. Ina mafita?
Daga wani mai ɗaukar bidiyo a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, yawancin wannan ba daga hannunka ba ne. Tsarin DVD ya fito ne a 1996, kuma dokokinsa suna nan yadda suke. Hasken maɓallin nan wani siririn hoto ne da ake ɗorawa a kan menu, launi 4 kacal yake iya ɗauka. Shi ya sa inuwa da launi mai narkewa cikin wani ba sa fitowa da kyau, komai tsadar manhajarka. Ka sa hasken ya zama abu mai sauƙi: layi a ƙarƙashin rubutu, ko ƴar kibiya a gefe.

Ga kuma manyan kamfanoni sun juya wa faifai baya, sun daina fitar da manhajojinsu na haɗa DVD. Adobe ta tsayar da Encore a kan CS6 na 2012, Apple ta bar DVD Studio Pro a 2011, Windows DVD Maker kuma bai wuce Windows 7 ba. Abin da ya rage a cikin manhajojin tace bidiyo galibi ƴan samfura ne da aka kulle, a bar ka da canza hoto da rubutu kawai. Abin yana min ciwo, domin masu sana'a irinka ba su daina buƙata ba.

Shawarata, ka daina kokawa da su. Ka zana fuskar menu ɗin gaba ɗaya a manhajar hoto, har da sunayen ango da amarya, ka fitar da ita hoto guda. Nan matsalar ɗ da ƙ da ɓ ta ƙare, tunda rubutun ya riga ya zama hoto. Ka dai zaɓi salon rubutu mai ɗauke da su, kamar Noto Sans. Sai ka shigar da hoton cikin DVDStyler, manhajar haɗa faifan DVD wadda kyauta ce, ka jera maɓallanka a kai.

Yankewar rubutu kuwa, talabijin da yawa, musamman tsofaffi, suna cinye gefen hoto. Ka bar kashi 10 cikin 100 na kowane gefe babu rubutu babu maɓalli. Ka kuma zaɓi PAL, wato girman hoto 720 da 576, shi ne tsarin da muke amfani da shi a Najeriya.

Menu mai faɗin 16:9, wato na talabijin mai faɗi, ba ya ɗaukar maɓalli fiye da 18, amma ni ko 6 ba na so ka wuce a shafi ɗaya. Kamu, ɗaurin aure, walima, kai amarya, sun wadatar.

Kafin ka buga faifai da yawa, ka buga guda ɗaya a DVD-RW, wato faifan da ake iya gogewa a sake bugawa, ka gwada shi a na'urar DVD ta gida da rimot. A kwamfuta linzami yana ɓoye kuskure. Da rimot ne za ka gane ko danna ƙasa yana kai ka maɓallin da ke ƙasa, ko yana tsallake shi.