Lacca ko zaman warware matsala, wanne ya fi ga ɗalibin harhaɗa magunguna?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗaliba ce a shekara ta 3 fannin harhaɗa magunguna, bana aka fara raba mu rukuni rukuni ana ba mu labarin mara lafiya a ce mu gano matsalarsa da kanmu, malami na zaune ya yi gum. Wallahi ni na fi gane lacca, gani nake ɓata lokaci ne kawai. Dan Allah wanne ya fi?

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Tsarin nan ya daɗe, tun 1969 makarantar likitanci ta jami'ar McMaster a Kanada ta fara shi, kuma shirun malamin da ke ba ki haushi da gangan ne, aikinsa ya jefo tambaya in ya ga kun kauce hanya.

A lacca za a ce miki warfarin na hana jini daskarewa kuma ba ya shiri da magunguna da yawa, ki rubuta ki haddace ki ci jarrabawa, kwana biyu ya gudu. To amma a ce ga wani dattijo yana shan warfarin, haƙori ya matsa masa aka ba shi metronidazole, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ƙara da ibuprofen, maganin rage ciwo, yanzu dasashinsa na ta jini, me ya faru? Dole ki tono da kanki ki gano metronidazole na hana hanta sarrafa warfarin da wuri sai ya taru a jiki, shi kuma ibuprofen ya ƙara haɗarin zubar jini, kin ga duk ranar da takardar likita mai irin waɗannan magungunan ta zo hannunki gabanki zai faɗi tun kafin ki miƙa maganin, kuma faɗuwar gaban nan ita ake so a koya miki.

Sai dai kina da gaskiyarki. Kemistiri, lissafin adadin magani, yadda magani ke shiga jiki ya fita, waɗannan ni dai ina ganin gara gwani ya tsaya ya warware su daki-daki a lacca, dan in ba tushe zaman rukuni hira yake komawa, mutum 2 na aiki sauran na danna waya, ga cin lokaci.

Kar ki ƙara shiga zaman nan hannu rabbana. Ki karanta labarin tun dare, ki rubuta abu 3 da ba ki gane ba, ki buɗe littafin laccarki ki nemo su, wanda ya gagare ki shi za ki fara ajiyewa a gaban 'yan rukuninku.